Kafso ko Tukunya: Gardamar Bitamin A a Gidanmu

Wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Machina da Nguru ya san dundumi ko da bai taɓa jin kalmar bitamin ba. Yaro ne garau da rana, yana bin awaki, yana langa da sa'o'insa. Rana na faɗuwa sai ya lafe a jikin danga ya daina motsi. A ajiye akushin tuwo kowa ya sa hannu, shi kuwa yana lalube, hannunsa na sauka a ƙasa gefen kwano. Na ga haka da idona ina ƙarami, a jikin ɗan kawuna, wata shekara da bazara ta yi tsawo. Kakarmu ba ta yi wata-wata ba. Ta aika aka sayo hantar akuya wajen mahauci, ta gasa a garwashi, ta tsare shi har ya cinye, aka maimaita kwana biyu ko uku. Kafin mako ya zagayo yaro ya koma wasan dare a dandali.

Kaka ba ta san hanta ce rumbun da jikin dabba da na mutum ke tara bitamin A ba. Gadon maganin ta yi, kamar yadda masu magani na tsohuwar Masar suka san shi dubban shekaru kafin ita. Sai a 1913 masana a Amurka suka gano akwai wani sinadari a cikin man shanu da ƙwaiduwa wanda in babu shi dabba ba ta girma. George Wald, da ya samu kyautar Nobel a 1967, shi ya bayyana yadda ido ke amfani da shi wajen gani a duhu. Amma aikinsa ya wuce ido. Shi ke kula da lallausar fatar da ta shimfiɗu a cikin hanji da maƙogwaro da huhu, wadda ita ce katangar farko tsakanin yaro da cuta. Dundumi sallama ce kawai. Bayansa farin ido ya bushe, wani abu kamar kumfar sabulu ya fito a gefensa, in aka ci gaba a haka baƙin idon ya yi gyambo ya narke, a tashi da hakiya ko makanta ta dindindin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa kowace shekara ta wannan hanya, rabinsu kuma ba sa cika shekara guda da rai bayan sun rasa ganin.

Duk wannan babu mai musu a kansa. Gardamar tana kan hanyar da sinadarin zai bi ya shiga jikin yaro, kuma a gidanmu ta kaure ne ranar wani suna a Nguru, a gindin bishiyar maina, bayan baƙi sun watse. Ɓangare guda yayata ce, ma'aikaciyar lafiya da ta yi shekaru tana zagaya ƙauyukan yankin Machina a bayan babur. Ɗaya ɓangaren Kawu ne, uban yaron nan mai dundumi, tsohon malamin gona da ya ƙare aikinsa a fadamun Gashua.

Wata maƙwabciya ce ta tsokano zancen, ta leƙo tana tambayar Yaya yaushe za a sake ɗiga wa yara jan maganin nan. Tana nufin kafson bitamin A da ake rabawa sau biyu a shekara a makon lafiyar mata da ƙananan yara. Shuɗi na jarirai ne daga wata 6 zuwa 11, mai awo 100,000. Ja na 'yan shekara 1 zuwa 5 ne, mai awo 200,000. Ma'aikaciya ta datse ɗan wutsiyarsa da almakashi, uwa ta tallafe haɓar yaro, a matse man a bakinsa, ya yamutsa fuska, a rubuta a kati, shi ke nan. Hanta ta karɓa ta adana, jiki ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.

Matar na fita Kawu ya ajiye butarsa ya ce, "'Yata, shekara nawa ke nan kuna matsa wa yaran nan jan abin nan a baki? Wadda aka ɗiga wa jiya-jiya ga ta da goyo, ita ma ta kawo nata. To yaushe za a warke?"

Kada a ɗauka Kawu yana cikin masu zargin an sa wani abu a maganin. Ko a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, shi da kansa ya riƙa fito da yaran gidansa. Tambayarsa ta manomi ce: gonar da kullum sai an zuba mata takin aro, anya an gyara ta?

Yaya ta gyara zama ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. Kai ɗanka dundumi ya yi, aka samu hanta, Allah ya taimaka. Ni ƙyanda nake gani." Ta faɗi yadda abin yake daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, lokacin da baƙon dauro ke shiga gari ya bi gida-gida. A killace yaro a ɗaki mai duhu, ido ya manne da kwantsa, baki ya fashe, gudawa ta biyo baya. Sai an ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ɗauko shi a amalanke. Ta ce wani sa'in in ta buɗe fatar idon da yatsa, baƙin ya riga ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Ƙyanda na kwashe ɗan abin da ke cikin hantar yaro cikin 'yan kwanaki. Wanda ya shige ta da rumbu cike yakan fita da idonsa. Wanda ya shige ta da rumbu wayam, sai abin da Allah ya yi.

Ba ita kaɗai ta ga haka ba. A 1990 likitoci biyu a Cape Town ta Afirka ta Kudu suka ba da rahoton yara 189 da aka kwantar saboda ƙyanda mai tsanani. Cikin waɗanda aka ba bitamin A biyu suka rasu, cikin waɗanda ba a ba su ba goma. Shi ya sa yau ƙa'ida ce a ba duk yaron da ƙyanda ta kama kafso ranar da aka gan shi, a ƙara masa washegari. Shi kuwa rabon gama-gari ga yara masu lafiya ya samo asali ne daga aikin wani likitan ido, Alfred Sommer, a Indonesiya. Ya je ne don makanta, sai ya lura yara masu dundumi sun fi sauran mutuwa. Ya gwada kafson a ƙauyuka 450 na lardin Aceh, a 1986 ya buga sakamakon da ya girgiza likitoci: mace-macen yara ya ragu da kashi 34 cikin 100. Aka sake gwadawa a Navrongo ta arewacin Ghana, ƙasar gero da dawa da dogon rani kamar tamu, a 1993 aka samu ragin kashi 19.

Yaya ta ɗora lissafinta a kan wannan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kaiwa shekara biyar. A ma'aunin da hukumomin duniya ke bi, duk inda adadin ya kai 70 ana ɗaukar akwai matsalar da ta cancanci rabon kafso. Binciken abinci na 2001 zuwa 2003 kuma ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na ƙananan yaranmu da ƙarancin sinadarin. Shi kansa kafson kuɗinsa bai wuce 'yan kwabbai ba. Ta ce, "Kawu, ka faɗa mini wani abu guda da zan ɗauka a jakata in kai ruga a bayan Machina, in ba yaro cikin minti ɗaya, ya riƙe shi watanni. In akwai shi a gonarka, ba ni in tafi da shi."

Kawu ya yi murmushi ya ce kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta. Ya shiga lissafo abin da ƙasar nan ke fitarwa, yana naɗe yatsu. Zogale, rama, tafasa, yaɗiya, alayyahu, kabewa, jan tattasai da tumatir na fadamun Komadugu, karas, gwanda, mangwaro. Kifin Nguru da Gashua da ake bandarwa a cika kwalaye. Shanun Fulani da tumaki da awaki, ga zabi suna zuba ƙwai duk damina. Ya ce tun zamanin Turawa jirgin ƙasa ke ɗaukar arzikin Nguru ya yi kudu da shi, yau manyan motoci sun karɓe shi. "Mu sayar da mai gina jiki, mu zauna jiran wani ya aiko mana da ɗigo daga ƙasar da ba mu taɓa gani ba? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, 'yata."

Kawu bai san sunan Michael Latham ba, amma bakinsu ya zo ɗaya. Latham farfesan abinci ne a Jami'ar Cornell da ya daɗe yana aiki a Gabashin Afirka, kuma a 2010 ya rubuta maƙala mai zafi yana cewa shirin kafso ya shanye kuɗi da hankalin da ya kamata a sa wa shayarwa da lambu da rigakafin ƙyanda. Shekara uku bayan haka aka buga sakamakon gwaji mafi girma da aka taɓa yi, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, a kan yara kimanin miliyan ɗaya. Ragin da aka samu kashi 4 ne kacal, ƙanƙanin da ba za a iya rantsuwa cewa ba dace ba ne ba. Masu goyon bayan kafso suka ce ba a sa ido sosai a gwajin ba, babu tabbacin duk yaran da aka rubuta sun sha. Masu suka suka ce ai haka shirin yake gudana a zahiri ko'ina. Wani gwaji a Gini Bisau a 2014 shi ma bai ga ragin mace-mace ba. Da aka tattara gwaje-gwajen duka a 2017, adadin ya tsaya a kashi 12. Daga 34 zuwa 12 tafiya ce mai nisa, kuma wanda ya ɓoye wa mutane wannan bai yi musu adalci ba. Dalili ɗaya da ake bayarwa mai kama hankali ne: inda rigakafin ƙyanda da ruwan gishiri da sukari suka wadata, cututtukan da kafson ke taimaka wa yaro ya tsallake sun ragu da kansu.

Akwai kuma abin da gwajin jini ya nuna. Bayan an sha kafso sinadarin kan hau a jini, amma cikin wata biyu ko ƙasa da haka ya sauko inda yake. Ma'ana, kafson na iya tsallakar da yaro daga wani rami, amma ƙarancin na nan inda aka bar shi. Yaron da abincinsa kunun gero ne safe da yamma kuwa ba bitamin A kaɗai ya rasa ba. Jininsa kaɗan ne, tsayinsa bai kai na shekarunsa ba, kuma babu kafson da ke gyara wannan.

Hujjar Kawu da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta dogaro. Yawancin kafson da ake rabawa a duniya kyauta ce daga Kanada, ta hannun ƙungiyar Nutrition International da asusun UNICEF. Kai shi bakin yaro shi ne mai tsada: man babur, alawus, mai shela. Binciken 2018 ɗin nan ya samu kashi 45 cikin 100 na yaran Najeriya ne suka sha a watanni shida da suka gabace shi. Waɗanda ake tsallakewa kuwa sanannu ne, 'ya'yan makiyaya da na ƙauyukan bayan tudun yashi, wato waɗanda suka fi kowa buƙata. Shekaru da dama kafson na raɓe ne a jikin zagayen shan inna na gida-gida. A 2020, da korona ta tsayar da komai, yara biyu cikin biyar ne suka samu kashi biyun a ƙasashen da ake rabon. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, shirye-shiryen abinci da dama a arewa maso gabas suka girgiza. Abin da ke hannun wani, ranar da ya ga dama zai janye.

Kawu ya taɓa jin cewa abin na iya yin yawa, kuma Yaya ba ta musa ba. Bitamin A ba ya fita da fitsari, taruwa yake. An samu yara a Zambiya da wani yankin Afirka ta Kudu inda ake yawan cin hantar tumaki da sinadarin ya wuce kima a hantarsu, saboda kafso da abincin kamfani mai ƙari da na gida sun haɗu musu. Guatemala, wadda ke zuba shi a sukari tun shekarun 1970, ta rage rabon kafso da ta ga buƙata ta ragu. Mai ciki ba a ba ta babban kafson ko kusa, don yana iya lahanta ɗan tayi. Wani yaron yakan yi amai ko ciwon kai, jariri maɗigarsa ta ɗan taso, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ta ce duk gaskiya ne, amma a nuna mata yaro guda a ƙauyen Machina da hanta da sukarin kanti suka yi wa yawa.

Ni a nan na sa baki, don na ga su biyun suna cewa "abinci" kamar abu ɗaya ne. Na ce mu leƙa tukunyar da gaske.

Abin da ke cikin ganye da kabewa da mangwaro ba bitamin A ba ne kai tsaye. Wani launi ne da ake kira karotin, sai jiki ya juya shi. A da ana lissafin awo shida na karotin ke ba da awo ɗaya. Tun 2001 masana suka mayar da shi goma sha biyu, kuma a ganye abin yakan fi haka muni. Wani gwaji a Indonesiya a 1995 ya ba mata masu shayarwa ƙarin ganye kullum na makonni, jininsu bai canza sosai ba. Karotin kuma ba ya shiga jiki sai da maiƙo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa hikima ce babba ta iyayenmu mata. Amma miyar da aka kaɗa da ruwa da daddawa da gishiri, ranar da babu kuɗin mai, yawancin amfaninta wucewa yake.

Sai shanya. Ɗanyen ganye na wata uku ne ko huɗu a wajenmu. Sauran shekara kuka ce da karkashi da busasshiyar kuɓewa a kan tuwo ko burabusko. Yadda muke shanya kuka kuwa kowa ya sani: a baza a tabarma ko a kan rufin kwano, a tsakiyar rana, har ta koɗe. Hasken rana na cinye karotin. Wadda aka shanya a inuwa, ta bushe tana kore shar, ta fi riƙe shi nesa ba kusa ba. Da na faɗi haka, Inna daga bakin murhu ta ce ta ji, amma ta inuwa kwanaki take ɗauka, ga awaki ga kaji, wa zai zauna gadi? Ban raina wannan amsa ba, don duk wanda ke son a canza shanya sai ya zo da amsarta.

Gero da wake, ginshiƙan rumbunmu, kusan babu komai na wannan sinadari a cikinsu. Nono fa? Bitamin A a cikin mai yake zaune. In aka kaɗe nono aka cire man shanu aka kai kasuwa, tsalar da ta rage ta rabu da yawancinsa. Kindirmo ke ɗauke da shi, shi kuwa ya fi tsada. Tsokar kifi kaɗan gare ta, yana hanta da kayan ciki da ake zubarwa kafin banda, sai dai ƙananan kifin da ake ci ɗungurungum. Man ja ya fi duk abin da ke kasuwa karotin, har an gwada shi a wani yankin Burkina Faso da kwakwar manja ba ta fitowa, jinin mata da yara ya gyaru. Mu kuwa mukan ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, wai don a kashe gafinsa. Jan da ya tafi, shi ne maganin.

Akwai wanda ya fi waɗannan ciwo, kuma da mu maza nake. Hantar da Kaka ta yi magani da ita, yau wa ke cinta? Je ka tukubar mai tsire a Nguru ko Gashua bayan isha'i ka gani. Magidanta ne ke cewa a yanko hanta da ƙoda, a barbaɗa yaji, a ci a tsaye a goge baki a shiga gida. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Ɗan yanki kamar yatsa biyu sau ɗaya a mako zai yi wa ɗan shekara biyu aikin da kwanon ganye ba zai yi ba. Ƙwan zabi a kai kasuwa, yaro kuwa a ce in ya saba da ƙwai zai yi sata. Dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa wanda Allah ya cika da bitamin A, har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar a ce bai da kyau. A 2018 kashi 29 cikin 100 na jariran ƙasar nan ne ke shan nonon uwa zalla a watanni shidan farko. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran jirgi daga Kanada. Kawu ya yi shiru a nan, don ya san gonarsa ba ta amsa tambayar wa ake zuba wa me a cikin gida.

Kuma fadamar da yake tunawa ba ita ce ta Machina ba. Gashua na bakin kogi. Machina duwatsu ne da yashi, kusa da iyakar Nijar, ruwa sai an sha wuya. Zogale na jure fari in ya kafu, amma kafin ya kafu yana son ban-ruwa da shinge, ga matar da ta riga ta yi sawu uku zuwa rijiya. Ita ma fadamar ba kamar da ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ambaliya ke zuwa, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Nguru ta cinye gonaki da wuraren su.

Za a ce ai akwai hanya ta uku. Tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni zuba bitamin A a sukari da fulawa da man girki, shi ne hoton idon da ake gani a jikin leda. Dabara ce mai kyau ga mai sayen kayan kanti. Amma a ƙauye man ƙuli ake saye wajen maƙwabciya, ko a auno na gwangwani daga robar da ta wuni a rana a bakin kasuwa, kuma haske na lalata ƙarin da aka yi. Rogo mai ruwan ɗorawa da cibiyoyin bincike na Ibadan da Umudike suka fitar a 2011, da masara mai launin lemo da cibiyar Samaru ta sa hannu a kanta, ba su ne cimarmu ba. Sabon irin gero mai ƙari da aka fitar a Nijar a 2018, Chakti, sinadarin ƙarin jini aka ƙara masa, ba bitamin A ba. Wanda na fi sa wa rai shi ne dankalin Hausa mai jan ciki. Yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, yara na son zaƙinsa, ɗan madaidaici guda ya ishi ƙaramin yaro buƙatarsa ta yini, kuma jiki ya fi samun karotin ɗinsa fiye da na ganye. Fadamun Gashua za su iya shi. Matsalarsa raya igiyar iri ta tsallake rani, aikin da irin su Kawu suka fi kowa sani.

In aka tambaye ni, ban yarda a janye kafso daga arewacin Yobe yanzu ba. Na yarda amfaninsa bai kai yadda aka zata a 1986 ba. Na yarda akwai ƙasashen da ya kamata su daina, wata rana ma da biranen Najeriya. Amma dalilin da ya rage ƙarfinsa a wasu wurare, wato wadatar rigakafi da raguwar gudawa, bai iso mana ba tukuna. Kashi 12 cikin 100 ƙaramin adadi ne a takarda. A ƙauyen da ake binne yara kowace bazara, 'ya'yan mutane ne masu suna. Wanda zai ce a daina sai ya fara auna jinin yaran nan ya nuna rumbunsu ya cika. Laifin da nake gani a ɓangaren su Yaya shi ne an mai da ɗigon kamar shi ne aikin duka. Uwa ta yi tafiyar awa guda, ta bi layi, a matse kafso, ta juya, babu wanda ya ce mata komai game da dakashi ko man ja ko inuwar shanya. Tambayar Kawu ta yaushe za a warke tana nan, kuma ban ji wani shiri da ya sa mata rana ba.

Yaya ta ce a ranar rabo takan ga yara sama da ɗari ita da mataimakiya ɗaya, da wane bakin za ta yi wa kowace uwa bayani? Kawu ya ce da ana kiran malaman gona su zauna gefen teburin da kwandon igiyar dankali da irin zogale, da shi ya je ko ba a biya shi ba. Ta ce ba ta taɓa ganin an gayyaci ma'aikatan gona ba, kowa da ofishinsa da kasafinsa.

Aka kira magariba. Kawu ya jawo butarsa, har ya miƙe sai ya juyo ya ce, "'Yata, rugar nan ta bayan dutse, inda muka sayi kindirmo bara, zagayen da ya wuce kun kai can?"

Ta ce ba su kai ba, man da aka ba su ya ƙare tun a kwana na uku. Ya tambaye ta lita nawa ake buƙata zuwa da dawowa. Ta faɗa masa, ya maimaita adadin a hankali, ya tsuguna ya fara alwala.